Ka kai iyali hutu, ka bar hankalinka a ofis

Assalamu alaikum 'yan'uwana ma'aikata, musamman sa'o'ina da furfura ta fara leƙo mana. A hutun makarantar da ya wuce na kai iyali Yankari, can jihar Bauchi, kuma abin da na gani a bakin ruwan Wikki har yau yana ci min rai. Wani bawan Allah ya kwaso matarsa da 'ya'yansa, ya ƙona mai, ya biya kuɗin ɗaki, amma tun da suka sauka yake zagaye da waya a sama yana neman sabis. Da ya samu sai ka ji, "To ranka ya daɗe, yanzu zan turo." Yaran suna cikin wannan ruwa mai ɗumi garai-garai suna ta kiran, "Baba, zo ka gani!" shi kuwa hannu kawai yake ɗaga musu. Uwarsu ta yi tagumi a gefe tana gadin takalma.

Don Allah wannan hutu ne? Taura biyu ba ta taunuwa. Ko kana ofis ko kana tare da iyalinka, amma a ce gangar jiki tana nan, hankali yana kan fayil ɗin da aka bari a Abuja, wannan zalunci ne da muka yi wa suna hutu. Kuma ba a Yankari kaɗai ba. Na gani a Madina, mutum ya kai iyali Umra, an idar da sallah ko addu'a bai shafa ba ya fito harabar masallaci yana amsa kiran ofis. Ranar Sallah a gida, ana gaisawa da dangi, ya zame bayan ɗaki wai ana mitin ta waya. A Kano an kai yara kallon Hawan Daushe, dawakai suna wucewa, uban ya sunkuya yana danne-danne. Ranar komawa kuwa sai faɗa: ku yi sauri, gobe Litinin! Yara su dawo gida a gajiye, a tsorace, abin da za su tuna kawai shi ne tsawar Baba.

A can Yankarin dai na zauna da wani mutum da bai wuce hamsin da 'yan kai ba, wanda ya ajiye aiki da kansa. Yana cikin ruwa har ƙirji yana koya wa autarsa iyo. Ya ce min da can shi ma haka yake, amma yanzu in yara sun ce a ƙara kwana sai a ƙara, in mota ta lalace a hanya ba wanda zai zage shi don bai iso ofis ba. Ya san sunan ƙawayen 'yarsa, ya san darasin da ke ba ɗansa wuya. Kwanciyar hankalinsa ta sauka kan iyalinsa gaba ɗaya, matarsa ma dariya take yi da ƙarfi. Hankalin maigida in ya kwanta, na gida duka ya kwanta.

Doka ba ta ɗaure kowa ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ritaya ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, malaman firamare da sakandare an kai nasu 65 tun 2022, farfesoshi kuma 70. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba ne sai ka kai can. A tsarin fansho na 2004 da aka sabunta a 2014, wanda ya ajiye aiki yana da shekara 50 zai iya fara cin abin da ya tara a asusunsa. Na san za a ce min fansho ba ya isa, garatuti sai an sha wuya kafin ya fito, kuma gaskiya ne, mun ga iyayenmu a layin tantancewa cikin rana. To ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi tanadi, ka kama wata sana'a tun da ƙarfinka, ka rage buri. Amma mu ina! Albashi ya shigo, sai sabuwar mota, sai ƙarin aure ba shiri, sai gasar anko da liƙi a biki. Wasu ma har kotu suke zuwa su yi rantsuwar ƙarya a rage musu shekaru, mutum da jikoki ya ce shi ɗan arba'in da biyar ne, don kawai kada ya bar kujera. Matasa na yawo da takardu ba aiki, shi ya toshe gurbi, kuma ya hana 'ya'yansa ganinsa. Ina tsoron Allah a nan?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ni'ima biyu ce mutane da yawa ke tafka asararsu: lafiya da samun sarari. Kai kana jira sai ka kai sittin. A lokacin gwiwa ta ƙi, hawan jini ya zo, likita ya hana doguwar tafiya, yaran da ke kiranka ka zo ka gani sun girma, kowa ya kama gabansa, ya ɗauki tasa wayar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shaƙuwa da ɗa ma haka take.

Kafin wayar salula ta shigo a 2001, iyayenmu in sun ɗauki hutun shekara, wata guda cur ofis ba ya jin ɗuriyarsu, kuma aikin gwamnati bai tsaya ba. Su kwashe mu a jirgin ƙasa ko a motar haya zuwa ƙauye, a je gona, a zaga dangi gida-gida, da daddare a shimfiɗa tabarma a yi ta hira. Albashinsu bai kai namu ba, amma ogansu yana jin kunyar aika wa mutum saƙo yana cikin iyalinsa. Yanzu oga zai kira ka ƙarfe goma sha ɗayan dare ranar Sallah ko gaisuwa babu, kai kuma ka miƙe tsaye kana amsawa a gaban 'ya'yanka.