Daga ina alƙaluman noma na FAO suke fitowa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa alƙaluman da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, take wallafawa game da amfanin gonar Najeriya ƙirƙirar ma'aikatanta ce da ke zaune a birnin Rum. Ba haka lamarin yake ba. Tun kafuwarta a 1945, hukumar ta dogara ne galibi ga rahotannin ƙasashe mambobinta, waɗanda a duk shekara suke cika takardun tambayoyi kan faɗin ƙasar da aka noma, yawan hatsin da aka girbe da adadin dabbobi. Sai inda ƙasa ta gaza aikawa ne hukumar take yin kiyasi, kuma takan sanya alamar da ke nuna hakan.

Saboda haka ingancin alƙaluman yana hannun ƙasar kanta. Abin damuwa ne cewa Najeriya ta shafe kusan shekaru 30 ba ta yi ƙidayar aikin gona ba, har sai a 2022 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da ita tare da tallafin FAO da Bankin Duniya.