Kafin a ƙwace littafin mai kiran matattu

Tun bayan ƙaramar salla wani littafin Hausa yake yawo a wayoyin ƴan lise da ɗaliban jami'a a nan Maraɗi. Ba a buga shi a takarda ba, babi-babi yake zuwa, wannan ya tura wa wancan. Labarin wata yarinya ce mai shekara 16 da ta gaji asiri wajen kakarta: in ta tsaya bakin kabari da tsakar dare, ta kira sunan mamaci sau uku, sai a amsa mata. Uwarta ta rasu, ta je ta kira, aka amsa da muryar uwar. Har littafin ya ƙare ba a faɗa wa mai karatu ko uwar ce da gaske, ko wani abu ne ya ari muryarta ba.

Na saurari masu karatunsa da dama. A wata fada da nake zama a unguwar Zariya, ana zuba shayi na biyu gardama ta kaure. Wani ya ce bai taɓa karanta labarin Hausa da ya hana shi barci irin wannan ba. Wani ya ce an ci masa kuɗin intanet a banza, tunda babi arba'in ya bi yana jiran uwar ta dawo, ba ta dawo ba. Ƴan mata kuwa, waɗanda na ji ta bakinsu ba su damu da faɗan aljanun da ke tsakiyar labarin ba, wurin da yarinyar take tambayar muryar ko ta yafe mata shi suke ta maimaitawa. Sai iyaye da malamai, waɗanda yawancinsu ba su karanta ba amma hukuncinsu ɗaya ne: shirka ce, a goge shi daga wayoyin yara.

Ban raina wannan tsoron ba, kuma duk wanda ya raina shi bai san garin nan ba. Akidarmu a fili take. Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ta ba da labarin mai roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar da za a tashe su. Inda Alƙur'ani ya ambaci Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana rayar da matattu, a Ali Imrana aya ta 49, ya ɗaure maganar da izinin Allah. Sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa a hadisin Buhari da Muslim, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Malamin da ya ji ɗiyarsa tana karanta yadda ake kiran mamaci ya ɗaga murya, aikinsa ya yi.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da yaron Faransa ko na Amurka da ke karanta irin waɗannan labarai. Shi a wajensa mai kiran matattu da dodo mai fitar da wuta duk ɗaya ne, in ya rufe littafi sun tafi. Mu kuwa boka maƙwabci ne. Garin da fadarsa take da sarautar Iya, wadda tun da can ita ce uwar ƴan bori, ga Inna a Tibiri nan kusa, ba garin da za a ce masa asiri tatsuniya ba ne. Kowa ya taɓa jin labarin wadda aka aika ta kawo ƙasar kabari don kishiya. To a nan ne nake ganin littafin ya yi kuskure babba. A babin da yarinyar ta fara kira, an jera kayan aikin ɗaya bayan ɗaya: baƙin zakara, ƙyallen likkafani, ƙasar sabon kabari, har da lokacin da ake fita. Waɗannan ba ƙirƙirar marubuci ba ne, kayan bokayen gaske ne, kuma yaron da zuciyarsa ta ƙone zai iya samunsu tsakanin kasuwa da maƙabarta. Marubucin da ke da basirar ƙago muryar uwa a cikin duhu yana da basirar ƙago asirin da ba wanda zai iya kwaikwayonsa. Da ya yi haka, da labarin bai rasa komai ba.

Amma daga "wannan babin ya yi ganganci" zuwa "a goge littafin" akwai tafiya, kuma a nan na rabu da masu cewa a goge. Ambaton abu daban, kira zuwa gare shi daban. Mu da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku", cikin dodanni da fatalwa da mayu masu kama kurwa muka girma, kakanninmu da ke ba mu labarin kuma da carbi a hannunsu. Litattafan ƙirƙira na farko da aka buga da Hausar boko, bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wasunsu cike suke da aljanu, kuma malamai ne suka rubuta su. An gwada hani ma an gani: a 2007 an ƙona litattafan Hausa a Kano, rubutun bai mutu ba, ga shi yau a cikin waya, inda uba ba ya ganin ko bangonsa. Abin da ya kamata a tambayi kowane labari shi ne, da ya nuna sihiri, me ya ce sihirin yana jawowa? A wannan littafin yarinyar ba ta ci riba ko ta dala ɗaya ba. Muryar kullum sai ta ƙara neman wani abu, ƙanenta ya kwanta ciwo, ita ta daina salla, ta rame, ƙawaye suka guje ta. Saurayin fada da ya ji haushin uwar ba ta dawo ba, abin da littafin ya fi yi daidai shi ya ba shi haushi.

Ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa wannan labarin, ba na soyayya ba, ya kama yaranmu haka. A gidanmu na samu amsar.

Ƙanwata ta rasu bara, wajen haihuwa. Da hantsi ta cika, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, kamar yadda addini ya koyar a gaggauta. Babbar ɗiyarta tana lakkwal a lokacin, aka aika a ɗauko ta, ta iso ana fita da makara. Kwana uku aka yi ana zaman makoki, mata suna shigowa suna cewa "sai haƙuri", ita tana wanke kwanukan baƙi tana goye da ƙanenta. Aka yi sadakar bakwai, aka yi ta arba'in, kowa ya koma harkarsa. Mun yi wa mamaciyar duk abin da ya dace. Yarinyar kuwa, ban tuna wani a cikinmu ya zaunar da ita ya ce mata me ke ranki ba. Ni kawunta ban yi ba.

Watan jiya kakarta ta kira ni a firgice, wai an kama ta tana karanta littafin tsafi da dare. Na je da niyyar faɗa. Na tarar da ita zaune bakin murhu, wayar a kife kan cinya. Na ce ta nuna mini inda take. Ta buɗe wani babi da ta ce ta karanta ya fi sau goma, inda yarinyar take gaya wa muryar cewa ranar da za ki tafi na fita ban gaishe ki ba, don ina fushi.

Na ce, "Ɗiyata, kin yarda ana iya kiran mamaci?"

Ta ce, "A'a, Kawu. Na san ba ta ji na ta nan. Ni ma ranar ban gaishe ta ba ne."

Shekara guda tana ɗauke da wannan maganar, kuma wani marubuci da bai san ta ba ne ya fara taɓa wurin. Da na goge littafin a daren nan, da na goge hanyar da na ji ta. Addininmu bai hana baƙin ciki ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mu ne muka taƙaita wa yara duk wannan zuwa kalma biyu, muka ɗauka shirunsu dangana ce.

Saboda haka abin da nake roƙon iyaye ƙarami ne: a karanta kafin a yanke hukunci, in ba a iya karatun boko ba a sa yaron ya ba da labarin da bakinsa, a ji wane wuri ya fi daɗewa a kai. Babin kayan boka a faɗa masa gaskiya cewa haram ne kuma ƙarya ne, yawancin malamai sun ce abin da ke amsa irin wannan kira shaiɗan ne. Amma kada a tsaya nan. Malamanmu na islamiyya suna da abin da littafin ba shi da shi: hadisin da ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku, cikinsu har da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Maraya yana buƙatar ya ji cewa akwai abin da har yanzu yake isa ga uwarsa daga gare shi.

Na faɗa wa ɗiyar ƙanwata wannan hadisin a daren. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni wa ya shiga ramin ya karɓe ta. Na ce ni da babanki. Ta ce ta wane gefe aka kwantar da ita. Na ce gefen dama, fuskarta na duban alƙibla, akwai dogon yaro daga wajen kanta mai inuwa sosai. Ta ce in sake faɗa mata tun daga farko, tun daga wankan, kada in tsallake komai. Muna nan zaune har wutar murhun ta mutu.