Ku daina yi wa 'ya'yana jarrabawa a gidan suna

Abin da aka yi wa 'yata ranar Juma'a a gidan suna rashin tausayi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Wata Hajiya ce ta yi shi, don a gida nake koyar da yarana a nan Saudiyya, muna kuma fita daji da su. Waɗanda suke wurin sun gani da idonsu, waɗanda ba sa nan kuma na san labari ya riga ya iso musu, domin tun kafin mu kai gida wayata take ƙara. Kwana uku ina danne zuciyata. Baban yara sai ba ni haƙuri yake yi, wai babba ce, a bar maganar. Na yi shiru a gabanta saboda furfurarta, amma wannan shirun ya ishe ni haka.

Yarinya 'yar shekara tara, tana riƙe da farantin shinkafa za ta kai wa ƙaninta, a kira ta tsakiyar falo, mata sun fi ashirin a zaune. "Ke, zo nan, 'yar makarantar gida. Bakwai sau takwas nawa ne?" Yarinyar ta tsaya cak, farantin yana rawa a hannunta, idonta ya ciko. Sai aka juya ga jama'a aka ce, "To kun gani. Ga amfanin yawon daji nan." Aka yi dariya. Da muka shiga mota ta kwantar da kanta a cinyata ta ce, "Umma, hamsin da shida ne, wallahi na sani, bakina ne ya ƙi buɗewa." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Hajiya, da girmanki da komai zan tambaye ki: kin taɓa zuwa gidana da safe kin zauna kin ga abin da muke yi? Jidda ɗaya muke zaune, tsakanin gidanki da nawa bai kai tafiyar minti ashirin a mota ba. Shekara huɗu ke nan ina koyar da yaran nan, ko sau ɗaya ba ki leƙo ba. Wanda bai taɓa zama a kan tabarmar karatunmu ba, ba shi da hurumin yanke mana hukunci. Hoto kawai kika gani a Facebook, yara a bakin tanti suna shan shayi, shi ke nan kika gama shari'a.

Tunda ba za ki zo ba, bari in gaya miki. Bayan sallar Asuba hadda ake yi, kowa da shafinsa, Babansu yake karɓa kafin ya fita aiki. Ƙarfe bakwai da rabi an karya, an naɗe shimfiɗa, falonmu ya koma aji. Akwai farin allo da muka kafa a bango kusa da taga. Lissafi ne farko, tun ƙwaƙwalwa tana da sanyi, sannan Larabci, sannan Turanci. Ranar Talata da Alhamis Hausa muke yi, karatu da rubutu, har da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin na ga 'ya'yan Hausawa da yawa a garin nan da ba za su iya rubuta wa kakarsu layi biyu da harshenta ba. Sai azahar muke tashi. Ni kuwa ba da ka na faɗa cikin aikin nan ba, ina da NCE, kuma shekara shida na yi ina riƙe da aji a firamare a Kano kafin aure ya kawo ni ƙasar nan. Aji mai yara sun fi saba'in na riƙe. Yanzu huɗu ne a gabana, na san inda kowannensu yake tuntuɓe.

Kuma mu daina yi wa juna kamar ba mu san halin da ake ciki ba. Duk baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, da yake da iyali a ƙasar nan ya san kuɗin da ake biya wa gwamnati a kan kowane kai. A 2017 aka fara da riyal 100 a wata, ya koma 200, ya koma 300, daga 2020 ya tsaya a 400. Ni da yara huɗu mu biyar ke nan, riyal 2,000 duk wata, 24,000 a shekara, kafin a yi maganar haya, kafin a yi maganar abinci, kafin a aika wa tsofaffi wani abu a gida. A kan wannan za a ɗora kuɗin makarantar kuɗi na yara huɗu, da mota, da kayan makaranta? Zaɓi biyu ya rage mana a lokacin: ko a kwashe yaran a mayar Kano wajen kakanni su tashi babu uwa babu uba, ko in zauna in koyar da su da kaina. Na zaɓi in riƙe 'ya'yana. Mai ganin na yi kuskure, ya fara zuwa ya zauna ya gani tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mantuwar mutane. A watan Maris na 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu, ina 'ya'yan kowa suka yi karatu? A gida. 'Yan firamare sun yi kusan shekara biyu a gaban waya da kwamfuta, ana ta fama da Madrasati, dandalin karatu ta intanet na gwamnati, iyaye mata ne suke zaune a gefe suna riƙe da fensir. A lokacin ba wanda ya ce an lalata yara. A lokacin ne ma na gane cewa babban ɗana, da yake aji uku ana ba shi sakamako mai kyau, bai iya raba adadi mai lamba uku da mai lamba ɗaya ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, na san wahalar malami. Amma daga ranar na ɗaura ɗamara.

Yanzu mu zo kan "yawon daji", tunda shi ne ya tsaya wa mutane a maƙogwaro. Mutanen ƙasar nan da kansu in sanyi ya shigo ba sa zaman gida. Fita daji suke yi shan iska, kashta suke ce mata. Daren Alhamis ka bi hanyar Usfan da ke wajen Jidda ka gani, motoci ne jere a gefen titi, an shimfiɗa darduma, an ɗora gahawa. Su in sun yi al'ada ce, mu in mun yi sai ya zama lalacewa?

Hoton da aka yi ta yawo da shi a Wahba muka ɗauka, wancan ƙaton ramin da yake kusan kilomita 250 daga Ɗa'if. Kafin mu tashi, mako guda muka yi muna shiri, kuma shirin nan darasi ne tun daga farkonsa. Babban ɗana aka ba wa lissafin mai: tsawon hanya zuwa da dawowa, lita nawa motar take sha a kilomita 100, a ninka da riyal 2.18 na kowace lita. Da muka dawo ya haɗa rasit ɗin gidajen mai ya kwatanta da lissafinsa, ya kuma gano da kansa cewa hawan dutsen Hada ne ya ci man da bai sa a lissafi ba. Ita wannan yarinyar da aka tozarta, ita ta lissafa ruwa: mutum shida, kwana biyu, lita nawa na sha, nawa na girki, nawa na alwala. Ninkawa ce ta yi, a takarda, ba wanda ya taya ta.

Da muka isa bakin ramin yaran suka yi tsit. Faɗinsa ya kai kilomita 2, zurfinsa kusan mita 250, can ƙasa kuma fari fat kamar an shanya gishiri, ga baƙaƙen duwatsu masu ƙoƙo-ƙoƙo ko'ina, marasa nauyi kamar ba dutse ba. Auta ya ce tauraro ne ya faɗo. Na ce masa da yawa sun ɗauka haka, amma masana ƙasa sun ce narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa ya haɗu da ruwan da yake kwance a can, tururi ya taru ya fashe ya yi sama da ƙasar. Da dare na ɗora buta a wuta na bar murfin yana rawa, na ce su duba. Ba su ƙara tambaya ba. Babban ya zauna a kan dutse ya ninka 2 da 3.14 ya ce in mutum zai zagaye bakin ramin zai yi tafiyar fiye da kilomita shida. Hajiya, wannan shi ne yawon dajin.

Sai dare ya yi, sanyi ya sauko har ƙashi, babu fitilar gari ko ɗaya. Yaran da aka haifa a Jidda ba su taɓa ganin sama haka ba, ni kaina rabona da ita tun ina zuwa hutu ƙauyenmu. Babansu ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, ya ce su ne Larabawa suke kira Surayya. Ya nuna musu tauraron arewa, ya ce su fitar da alƙibla ba tare da waya ba. Suka yi ta gardama, daga baya suka tsaya a kan tsakanin kudu da yamma. Aka buɗe waya, haka ne. Mun yi sallar Isha'i a wurin, babban ɗana ya tayar da iƙama muryarsa tana rawa saboda sanyi, ni kuwa hawaye nake yi a sahun baya, ba wanda ya sani.

Bara kuma Badar muka je, lokacin suna haddar Suratul Anfal. Ayar da ta ambaci gefen kwari na kusa da gefen kwari na nesa, sun tsaya da ƙafarsu sun ga gefunan biyu. Sun karanta sunayen shahidai 14 ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaye su yau ranar da aka yi yaƙin, za su ce maka 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, ba don an tilasta musu haddacewa ba. A hanyar Arafat mun tsaya sun taɓa ginin magudanar Ainu Zubaida, wadda matar Haruna Rashid ta kashe dukiyarta ta jawo wa alhazai ruwa daga Wadi Nu'uman fiye da shekara 1,200 da suka wuce. A Ɗa'if sun ga yadda ake tsinkar fure da sassafe a dafa a tukunyar tagulla a tace turare. Mutane suna biyan miliyoyin naira su zo ƙasar nan na mako huɗu, mu muna zaune a cikinta, sai in kulle yara a falo don kada a ce muna yawo?

Na san abin da za a ce, na ji shi har na gaji. Wai ba za su iya cuɗanya da mutane ba. Yaran da kullum da la'asar suna tahfiz a masallacin unguwa tare da 'ya'yan Yamalawa da Sudanawa da Burmawa? Wai takardar shaida fa? WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, mun san lokacinta, mun san manhajarta, da ita nake aiki, in lokaci ya yi za su je gida su rubuta. Wai mace ba za ta iya ba ita kaɗai. Nana Asma'u 'yar Shehu a gidan mahaifinta ta yi karatu, ta kuma tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da mata a cikin gidajensu. Karatu a tsakar gida ba yau Bahaushe ya fara shi ba.

Ban ce kowa ya cire ɗansa daga makaranta ba, ban taɓa faɗa ba. Mai hali ya kai, Allah ya sa albarka. Kuma ba zan ɓoye ba, abin da wuya. Akwai ranar da zazzaɓi yake jikina nake tsayawa a gaban allo. Akwai daren da nake tashi in duba su suna barci, tsoro ya kama ni, in ce ya Allah kada ka sa in zama sanadin cutuwarsu. Wannan nauyin ni nake ɗauke da shi kullum. Abin da nake roƙo kaɗan ne: in kina da shakka, ni ce babba, ni za ki tara. Ki kira ni gefe ki ce, "Ƙanwata, yaya karatun yaran nan?" Zan ɗauko miki littattafansu ki duba shafi-shafi, zan kuma ji shawararki. Amma yarinya ƙarama da faranti a hannu, a gaban mata ashirin? Jikanki da yake makarantar kuɗi, wa ya taɓa tsayar da shi a gidan biki ya ce ya kawo bakwai sau takwas? Jiya da safe da na ce a ɗauko littafin lissafi, yarinyar nan cewa ta yi cikinta yana ciwo. Ita da take rigan kowa zama. Ƙofata a buɗe take daga Lahadi zuwa Alhamis, bakwai da rabi na safe. Ki zo ki zauna.

Tunda na ambaci Usfan, akwai abin da yake ci mini rai tuntuni. 'Yan uwa masu fita kashta, don Allah ku riƙa kwashe shararku. Wancan makon wurin da muka saba sauka mun tarar da ledar cin abinci an bar ta yadda take, da ragowar kabsa, da kofunan roba, da kunzugun yara, iska tana ta watsa su cikin ƙaya. Buhu uku yarana suka cika kafin mu sami wurin shimfiɗa, kuma raƙuma suna kiwo a wurin, ledar nan in sun haɗiye kashe su take yi. Kada kuma a sare itacen wurin, an hana, akwai tara, gawayi yana nan a kowace baƙala, wato kantin unguwa. Sannan ku daina kafa tanti a cikin kwari don ƙasarsa ta fi laushi. Ruwa yana iya sauka a kan dutse can nesa inda ba ku gani, ya iso muku cikin dare. Duk wanda yake Jidda a watan Nuwamba na 2009 ya san abin da ambaliya ta yi, mutum fiye da 100 suka rasu. Mu dai in Allah ya kai mu ƙarshen wata dutsen Shafa na kusa da Ɗa'if za mu hau, mai son bin mu ya taho da bargo biyu da buhun shararsa.