Mota ce ko jirgin da aka cire wa fukafukai? Inda na tsaya kan masu tseren gudu a ƙasa

Tun ranar 15 ga Oktoban 1997 har yau babu wata mota da ta fi Thrust SSC gudu a doron ƙasa. A ranar ne Andy Green, matuƙin jirgin yaƙin Birtaniya, ya fyaɗa kilomita 1,228 a awa ɗaya a hamadar Black Rock ta jihar Nevada a Amurka, ya wuce saurin sauti yana zaune kan tayoyi huɗu. Duk wanda ya ga bidiyon sai ya riƙe baki, nima na riƙe. Amma in ka tambaye ni wace mota ce ta fi burge ni a wannan harkar ba ita zan ambata ba, zan ce maka JCB Dieselmax ce, wadda gudunta bai ma kai rabin na waccan ba, kuma ina da dalili.

Kafin mu je can bari a fahimci matsalar tukunna, don da yawa suna ɗauka maganar inji ce kawai, ka samo ƙaton inji ka ɗaura shikenan. Ina! Iska ce babbar abokiyar gaba. Ka fito da hannunka ta tagar mota ana gudun 60, sannan ka sake fitowa da shi ana 120 a hanyar Kaduna zuwa Zariya, zaka ji turin ba ninki biyu ya yi ba, ninki huɗu ya yi. To ƙarfin injin da ake buƙata don a keta wannan iskar shi kuma ninki takwas yake yi duk sanda aka ninka gudu. Wato motar da ke buƙatar ƙarfin doki 100 don ta yi 200 a awa, in kana so ta yi 400 sai ka nemo mata 800, kuma wannan lissafin baya sassauta wa kowa. Shi ya sa motocin nan suke da siffar fensir, dogaye sirara, direban ma kusan a kwance yake ciki, domin rage faɗin gaban mota ya fi ƙara ƙarfin inji arha.

Yanzu ga inda hanya ta rabu biyu. Thrust SSC injin jirgin yaƙi guda biyu aka saka mata, Rolls-Royce Spey, irin na jiragen Phantom na sojan Birtaniya. Injin jirgi baya juya taya, iska yake zuƙa ya feso ta baya sai motar ta tafi, tayoyin nata biye kawai suke suna gungurawa. Ita kuwa motar da injinta ke juya taya, duk ƙarfin da ka tara dole ya bi ta wani ɗan wuri da bai wuce tafin hannu ba inda taya ta taɓa ƙasa, kuma ƙasar nan ba kwalta ba ce, gishiri ne. A Bonneville ta jihar Utah, inda ake taruwa duk watan Agusta, gishirin baya riƙe taya kamar yadda kwalta ke riƙewa, in akwai damshi ma abin ya ƙara lalacewa. Sai a kai wani matsayi da turin iska ya yi daidai da iyakar riƙon taya, daga nan ko ka ƙara doki dubu tayar ce kawai zata rinƙa sulɓi tana cin kanta, motar ba zata ƙara ko kilomita ɗaya ba.

Maganin da suke yi zai ba mai tseren kwalta dariya. A sauran tsere kowa rage nauyi yake, su kuwa a Bonneville darma suke lodawa cikin mota don ta danne tayoyin. Ka ce me ya hana su saka fiffike irin na Formula 1 ya danne ta? Ai fiffiken yana ƙara turin iska, abinda ake gudu kenan tun farko, ita kuwa darma bata tare iska, kuma filin yana da tsawon da mota mai nauyi zata samu lokacin ɗaukar wuta. Sai dai inda zaka ajiye darmar ma ilimi ne, dole nauyin motar ya fi karkata gaba fiye da inda iska ke turinta ta gefe, in ba haka ba da zarar bayanta ya ɗan goce sai ta juya gaba ɗaya, kuma a gudun 500 mota ta juya gefe tashi sama take yi.

Ga kuma maganar tudu. Bonneville tana kusan mita 1,280 sama da teku, iskar wurin bata da kauri, ga zafin Agusta na ƙara sirantar da ita. Wannan yana rage turi, to, amma yana kuma shaƙe injin da bashi da tobo don iskar da yake shaƙa ta ragu. Shi ya sa makanikan wurin ke yawo da ma'aunin zafi da na nauyin iska, saitin man da ya yi daidai da asuba kafin azahar ya yi yawa, sai an canja jet ɗin kafireta ko a gyara a kwamfuta. Kuma su kan fi yarda mai ya ɗan yi yawa da ya yi kaɗan, don injin zai yi mil biyar ƙafa na ƙasa ba ɗagawa, in mai ya gaza a wannan tsakanin fiston narkewa yake yi. Giya ma haka, ana ɗora ta doguwa sosai har motar bata iya tashi da kanta sai wata mota ta turo ta daga baya.

To a wannan filin ne JCB suka zo a Agustan 2006. Eh, JCB ɗin da ka sani, masu motar haƙa rawaya da ake gani wajen aikin titi da kwalbati. Suka ɗauki injin dizal mai silinda huɗu, JCB444, wanda asalinsa na motar haƙa ne, suka haɗa kai da Ricardo, wani kamfanin injiniyoyi na Birtaniya, aka sake masa fasali har kowane ɗaya ya kai doki 750, aka saka biyu, ɗaya na jan tayoyin gaba ɗaya na baya don a raba ƙarfin kan taya huɗu. An jera masa tobo hawa biyu, an rage matsin cikin silinda don ya iya ɗaukar iskar da ake ɗura masa ba tare da ya fashe ba. Abinda ya fi burge ni shi ne basu saka lagireto ba kwata-kwata, domin lagireto na buƙatar ƙofa a gaba kuma ƙofa a gaba turi ce, sai suka saka tankin ƙanƙara, tunda gudun na 'yan mintuna ne ƙanƙarar ta shanye zafin kafin ta gama narkewa. Tarakta ta JCB ce ta tura motar ta tashi, Andy Green ɗin dai shi ne a sitiyari, ya yi kilomita 563 a awa. Kuma abinda ya tsayar da su a nan tayoyi ne, ba a yarda su wuce wannan gudun ba, injin da sauran ƙarfinsa.

Wannan shi nake kira gyaran mota. Kowace dabara a ciki amsa ce ga wata matsala da duk bakanike zai gane in aka yi masa bayani, zafi, matsi, riƙon taya, giya.

Na san me masu son motocin jet za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Ba wasa ba ne ka riƙe abu mai nauyin tan goma a ƙasa yana wuce saurin sauti. Ron Ayers, wanda ya tsara siffar Thrust SSC (shi ne ma ya tsara ta Dieselmax ɗin), aikinsa shi ne kar hancin motar ya ɗaga ko kaɗan kar kuma ya nutse, domin ɗagawa kaɗan ta isa ta tashi sama, nutsewa kaɗan ta isa ta yi huɗa a hamada. A Thrust SSC tayoyin baya sitiyari ke karkatawa saboda injinan sun cinye wurin gaba. Roba bata iya wannan gudun, tayoyin alminiyam ne zalla. Ita Bloodhound, wata motar jet ta Birtaniya da aka gina don ta kai mil 1,000 a awa, wato kilomita 1,609, tayarta an tsara ta ne ta juya sama da sau 10,000 a minti. Tsayawa ma wani aikin ne, sai an saki lema kafin a taɓa birki, Craig Breedlove a 1964 lemarsa ta tsinke ya bi ta kan turakun waya ya ƙare cikin tafkin ruwan gishiri, Allah Ya yi da sauran kwana. Jessi Combs kuwa a 2019 a hamadar Alvord ta Oregon tayar gaba ce ta ba da matsala, nan ta rasu. Duk wannan injiniyanci ne na gaske, ban musa ba.

Inda na rabu da su shi ne, wannan reshen ya zama na masu kuɗi da masu alfarma a wajen soja. Injin Bloodhound, EJ200, na jirgin Typhoon ne, aro aka ba su, ba abinda zaka saya ka buɗe ka gyara yadda kake so ba ne. Kamfanin ya durƙushe a 2018 don rashin kuɗi, wani ɗan kasuwa mai suna Ian Warhurst ya saye shi, suka je Hakskeen Pan a Afirka ta Kudu a 2019, filin da mutanen yankin sama da 300 suka tsince duwatsu kusan tan 16,000 da hannu, aka yi kilomita 1,010 a gwaji. Daga nan kuɗin rokar da za a ƙara bai samu ba, motar ta koma gidan tarihi a Coventry. Ka duba fa, shekaru sama da goma na aiki, kuma abinda ya tsayar da ita ba lissafi ba ne, aljihu ne. A da ba haka abin yake ba, Art Arfons a shekarun 1960 lalataccen injin jet J79 ya saya da araha ya gyara shi a bayan gidansa a Ohio ya kafa tarihi da shi. Wannan ƙofar ta rufe.

A ɓangaren masu jan taya kuwa ƙofar a buɗe take. Danny Thompson ya ɗauko motar da babansa ya gina a 1968, ya sake ta, a 2018 yana dab da shekara 70 ya yi kilomita 722. Speed Demon ta George Poteet da injin fiston guda ɗaya ta yi 756 a 2020. Ɗaliban jami'ar Ohio State tare da kamfanin motoci na Venturi sun yi kusan 550 da motar lantarki a 2016. Kafin su duka ga Burt Munro, tsoho ɗan New Zealand da ke zuba fiston ɗinsa da kansa, ya kai babur ɗin Indian ƙirar 1920 kusan kilomita 296 a 1967 yana da shekara 68. Akwai rukuni-rukuni da yawa bisa girman inji da irin mai da siffar jiki, don haka mai ƙaramin inji ma yana da tarihin da zai nema, kuma in ya karya sai alƙalai sun auna injin sun tabbatar bai wuce girman da ya faɗa ba.

Dokar duniya ma tana fifita makanike. FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, bata karɓar gudu ɗaya, sai ka je ka dawo ta hanya guda cikin awa ɗaya a ɗauki matsakaici, don kar iska ta taimaka maka. A cikin awar nan za a juya mota, a zuba mai, a naɗe lema, a duba taya, a sauya ƙanƙara in da ita. Thrust SSC kanta ta wuce saurin sauti kwana biyu kafin ranar da aka rubuta mata, amma suka makara da ƙasa da minti ɗaya wajen dawowa, aka ce bai shiga ba.

Damuwata ɗaya da wannan ɓangaren da nake goyon baya ita ce filin kansa. Gishirin Bonneville yana ta sirancewa, masu tsere na ɗora laifi kan haƙar potash, ma'adinin da ake yin taki da shi, da aka daɗe ana yi a gefen, masu bincike na ƙara da sauyin ruwan ƙasa da zirga-zirgar mutane har da su masu tseren. An soke taron Agusta a 2014 da 2015 saboda ruwa da laka, kuma tsawon filin da ake samu yanzu bai kai na zamanin da Malcolm Campbell ya haura mil 300 a 1935 ba. Mota mai darma a ciki da doguwar giya tana buƙatar mil da yawa kafin ta kai ƙarshen gudunta, da wasu mil ɗin kafin ta tsaya, in filin ya gajarce waɗanda suka fi sauri su ne za su fara rasa wurin gudu.