Ba Rasha ce ta fara karya lagon Napoleon ba

Mutane da yawa sun ɗauka Napoleon, sarkin Faransa, bai taɓa shan kashi ba sai da sanyin Rasha ya cinye rundunarsa a 1812. Ba haka ba ne. Shekara uku kafin nan, Yarima Charles na Ostiriya, ƙanen Sarki Francis, ya riga ya kore shi a filin daga.

A ranakun 21 da 22 ga Mayu 1809 aka gwabza a ƙauyukan Aspern da Essling, kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Napoleon ya ci birnin, yana ƙoƙarin tsallaka kogin Danube a kan gadojin jiragen ruwa. Kogin ya cika ya tumbatsa. Sojojin Ostiriya suka riƙa sako manyan jirage da gungumen itace daga sama, ruwa ya kwaso su ya yi ta fasa gadar. Harsashi da ƙarin dakaru suka yanke wa Faransawan da suka riga suka haye, dole suka ja baya zuwa tsibirin Lobau. Marshal Lannes, aminin Napoleon, ya samu raunin da ya yi ajalinsa.

Charles fa mutum ne mai fama da farfaɗiya, kuma tun 1796 ya doke Faransawa a Würzburg. A ganina an tauye masa haƙƙi a tarihi, wataƙila don Napoleon ya rama a yaƙin Wagram cikin Yulin 1809, Charles kuma ya ajiye jagorancin soja. Ya rasu a 1847.