Idan gwani ya faɗi, wa ke bayansa?

Shekara tara ke nan ina zaune a Port Elizabeth, garin da yanzu ake kira Gqeberha, a Afirka ta Kudu. Na zo ban taɓa ganin ƙwallon zari-ruga da idona ba. A Argungu inda na tashi, wasan maza kokawa ce da dambe, sai tamaula ga 'yan makaranta. Amma a nan ba ka da yadda za ka yi ka kauce wa zari-ruga, domin ranar da Springboks, tawagar ƙasar, ke wasa ko mai tasi ba ya maka hirar komai sai ita.

Daren 28 ga Oktoba 2023 na kalli wasan ƙarshe na kofin duniya, tsakanin Springboks da New Zealand, a gidan maƙwabcina. An fara ke nan, ko zama ba a gama gyarawa ba, Bongi Mbonambi na Springboks ya ji rauni a gwiwa. Shi ne mai lamba 2, wanda ke tsakiyar sahun gaba idan ƙarti takwas-takwas suka haɗa kafaɗa suna turereniya, kuma shi ke jefo ƙwallo idan ta fita gefe. Ba gurbin da ake cusa kowa ba ne. Abokin gurbinsa Malcolm Marx tun farkon gasar ya koma gida da ciwon gwiwa. Sai ga Deon Fourie ya taso daga benci, mutum mai shekara 37 wanda ya daɗe da komawa wani gurbin daban, kuma bai fara buga wa ƙasarsa ba sai yana da 35. Ya riƙe wurin nan kusan wasan gaba ɗaya, aka ci New Zealand 12 da 11. Duk makin 12 kuwa Handré Pollard ne ya ci su, shi ma ba ya cikin mutum 33 da aka fara tafiya da su Faransa.

Tun daren nan abin yake ci min rai, domin ba sa'a na gani ba, shiri na gani. Masu horar da tawagar, Rassie Erasmus da Jacques Nienaber, sun daɗe suna sa Fourie ya riƙa maimaita tsohon aikinsa saboda rana irin wannan. A zari-ruga mutum 15 ke shiga fili, 8 na benci, su kuwa ba sa ɗaukar na benci a matsayin ragowa. A 2019 sukan ajiye ƙarti 6 cikin takwas ɗin, a wasan ƙarshe na 2023 suka ajiye 7, sai abokin hamayya ya fara haki a sako masa sabbin jini. A 2024, suna riƙe da kofi, Erasmus ya gwada 'yan wasa 50 a wasa 13, ya ci 11. Wato ya yarda ya zaunar da gwanayensa, ya ɗauki kasadar faɗuwa, don yaro ya ɗanɗani filin kafin ranar da za a buƙace shi dole.

Mu fa a gida? Allah ya sani ba mu rasa ƙarfi ba. Duk wanda ya ga masunta sun afka kogin Matan Fada da homa da gora, ko ya ga samarin Zuru a filin kokawa lokacin bikin Uhola bayan sun sha noman golmo, ya san akwai ƙashi da zuciya a Kebbi. Matsalarmu ita ce gwani ɗaya muke so. Kowane gari na da nasa, makaɗa su kwana suna wasa shi, masu kuɗi su yi masa liƙi, wanda ya kayar kuma ya kaɗe ƙurar jikinsa ya koma gona, ba mai sake tambayar sunansa. Ranar da gwanin ya tsufa ko ya karye, sai garin ya yi shiru shekara da shekaru, a ce ai yanzu ba maza. Maza na nan. Ba a raine su ba ne.

Ina ajin ƙarshe a sakandare aka zo zaɓen waɗanda za su wakilci shiyyarmu a wasanni, saura mako biyu a tafi. Akwai wani yaro ɗan masunta a ajinmu, ba wanda ke kai bayansa ƙasa, ga shi da gudu duk da nauyinsa. Ranar zaɓen zazzaɓi ya kwantar da shi. Yini ɗaya aka yi aka gama, aka rubuta sunan ɗan wani mai faɗa a ji a gurbinsa. Ba takardar da ta nuna abin da ya yi shekara uku yana yi, ba wanda ya ce a jira shi. Yau idan na ga masu lamba 6 da 7 suna ƙwatar ƙwallo a ƙasa, shi nake tunawa, kuma raina yana ɓaci.

Abin takaicin shi ne wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Manomin shinkafa a fadamar Suru ko Augie ba ya jiran ranar dashe kafin ya nemi iri. Yana renonsa a gefe, ya fi abin da gonar za ta ci, domin ya san wani zai mutu, wani ruwa zai cinye, dole a yi cike. Ko maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu a nan: tun 1975 suke gasar takobi, kowace jiha cikin takwas ta kawo 'yan kokawa 10, don haka tilas Dosso ta san na biyunta da na tara, ba gwaninta Issaka Issaka kaɗai ba. Mutanen Kamba da Dole-Kaina sun fi ni sanin wannan.

A nan Afirka ta Kudu wurin renon shi ne makaranta. Tun 1964 ake gasar Craven Week, inda kowane lardi ke kawo zaɓaɓɓun 'yan sakandarensa, masu farautar 'yan wasa na zaune da biro da takarda. Siya Kolisi, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi sau biyu, ɗan Zwide ne, unguwar talakawa da ba ta da nisa da inda nake. Yana yaro aka gan shi a wata gasa, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. Ba zan ɓoye ba, tarun nasu ma yana yoyo, domin manyan makarantun masu tsada ne, kuma ɗan ƙauye yakan wuce ba a gan shi ba. Makazole Mapimpi bai bi ta cikinsu ba, sai da ya kai 27 ya sa rigar ƙasa, amma shi ya fara ajiye ƙwallo a bayan layin Ingila a wasan ƙarshe na 2019. Bambancin shi ne ƙofar ba ta rufe masa don ya makara ba.

Najeriya ba ta taɓa zuwa kofin duniya na zari-ruga ba, alhali Maro Itoje, ɗan iyayen Najeriya, shi ne ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Na ji masu cewa a kira irinsu daga Turai su cike mana tawaga. A kira su, ban ƙi ba, amma aron iri ne, kuma idan mai lamba 2 ɗinka ya karye a minti na uku, ba daga Landan za ka yi waya ba.

Ƙanena malamin motsa jiki ne a wata makarantar gwamnati a ƙasar Argungu. Na aika masa ƙwallo huɗu, muka shirya ya fara da irin wasan mutum bakwai-bakwai, ba kayarwa tukuna, taɓawa kawai, har yara su koyi faɗuwa ba tare da sun bugu a ka ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa. Na ce, «Malam ƙarami, ka sayi littafi mai kauri. Bana idan an yi kokawar kaka, kada ka rubuta min wanda ya yi kaye kaɗai. Ka rubuta wanda ya zo na biyu da na uku, da shekarunsa, da ƙauyensu, da sunan wanda za a tambaya a same shi.» Jiya ya turo min hoton shafin farko, suna goma sha ɗaya, uku daga ciki 'ya'yan masunta ne.