Matasan PHP, ku riƙa leƙa cikin jerin da kuke ginawa

A makon nan wani ƙanena ya kawo min manhajar da ya haɗa wa wata Islamiyya da PHP, yaren rubuta manhajojin yanar gizo, wai tana haɗiye ɗalibai. Kowane aji mutum ɗaya ke fitowa, kuma kullum na ƙarshe a rajista. Da na duba cikin foreach, umarnin da ke bin abubuwan cikin jeri (array) ɗaya bayan ɗaya, sai ga $aji[$lamba] = $suna. Mabuɗi, wato alamar gurbi a cikin jeri kamar $lamba a nan, abu ɗaya yake riƙewa, duk sunan da ya shigo sai ya danne na baya, PHP kuma ba za ta ce uffan ba. Gyaran bai wuce $aji[$lamba][] = $suna ba, don kowane suna ya ƙaru a kan na baya. Na tambaye shi ko ya taɓa buga print_r, umarnin da ke baje jeri a fili, ya ga abin da ke ciki. Ya ce daga ChatGPT ya kwaso, "kuma ai bai nuna kuskure ba, yaya."

Wannan magana ce ke ƙona min rai, 'yan uwana. Ka gina jeri da hannunka, mabuɗansa daga fom suke zuwa, daga rumbun bayanai suke zuwa, amma ko sau ɗaya ba ka buɗe shi ka gani ba? Gani ya kori ji. Ka sa "8" a matsayin mabuɗi, PHP ta mai da shi lamba 8, amma "08" tana nan a rubutu, sai aji ɗaya ya rabu gida biyu. Wanda ya bar gurbin aji babu komai a fom, mabuɗinsa ya zama "", nan duk ire-irensa za su taru. Yaron da makinsa null ne, wato babu komai, cikin umarni biyu masu duba ko mabuɗi yana nan, isset ta ce babu shi, alhali array_key_exists za ta gan shi. Duk wannan var_dump ɗaya, ɗan'uwan print_r, zai tona shi. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Abin takaici, tun 2020 da PHP 8 ta fito take yin gargaɗi sosai idan ka nemi mabuɗin da babu. Me kuke yi? Ku liƙa @ a gaba, ko ku rubuta error_reporting(0), ku toshe mata baki. Ga alamar ??, mai ba da madadi idan babu mabuɗin, tana nan tun PHP 7 ta 2015, ba a ko kallonta. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ban ma shiga zancen masu karɓar kafin alƙalami su kashe waya ba, ko mai wata uku da fara koyo da ya cika Facebook da kiran kansa ƙwararre.

Ku rage gaggawa don Allah, sakamakon 'ya'yan mutane ne a hannunku. A da sai mutum ya biya kuɗin awa a kafe ya sauke littafin PHP a filashi, ya koma gida yana bin sa layi-layi, jeri kuwa sai ya zana shi a takarda kafin ya taɓa kwamfuta. Yau data ta wadata, amsa na zuwa cikin daƙiƙa, amma print_r mai haruffa bakwai ta gagare mu bugawa.